Hegemony: yadda ake furta ta, abin da take nufi, da inda bai dace a sa ta ba

Ɗalibin kimiyyar siyasa ko nazarin zamantakewa a Jami'ar Jihar Gombe, ko a ta Tarayya da ke Kashere, ba zai kai aji uku ba sai ya haɗu da kalmar hegemony. Tana cikin takardun lacca, tana cikin sharhin jaridun Turanci, tana kuma faɗowa cikin labaran ƙasashen waje da masu fassara a gidajen rediyo ke mayarwa Hausa cikin gaggawa kafin lokacin labarai. Yawanci a rubuce ake fara ganinta, ba a taɓa jin ta a bakin kowa ba, shi ya sa kowa ke furta ta yadda idonsa ya nuna masa. Ma'anarta ma haka, an ɗauke ta a matsayin wata babbar kalma da ke nufin ƙarfi ko rinjaye, sai a riƙa cusa ta duk inda ake son rubutu ya yi kwarjini. Ta fi haka ƙunci, kuma amfaninta yana cikin ƙuncin nan.

Gaɓoɓinta huɗu ne. Furucin da za a fahimta ko'ina, daga Ingila har Amurka, shi ne hi-JE-ma-ni, nauyin murya a kan gaɓa ta biyu. A Ingila ana yawan jin hi-GE-ma-ni, da g irin ta "gero". A Amurka kuma akwai masu cewa HE-ja-mo-ni, nauyin a gaɓar farko. Duka ukun suna cikin manyan ƙamusoshi, babu wanda za a ce masa ya yi kuskure don ya ɗauki ɗaya. Saboda haka gardamar da ɗalibai kan yi ta "da g ne ko da j" ba ta da wani tushe. A Turanci, g idan ta zo kafin e ko i sau da yawa takan koma j, kamar a general da giant, amma ba kullum ba, ga get da give nan. Kalmar kuma daga Girkanci ta fito, inda harafin g ne sosai. Wasu suka bi al'adar Turanci, wasu suka riƙe ta asali. Abin da kawai ake so shi ne mutum ya tsaya a kan ɗaya cikin jawabi guda, kada ya fara da j ya ƙare da g.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne he-je-MO-ni, wato a ɗora nauyin a gaɓa ta uku a kuma ja ta. Wannan kam babu shi a ko'ina. Dalilinsa a bayyane yake. Hausa tana aiki da hawa da saukar murya da kuma tsawon wasali: "gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. Turanci kuwa yana aiki da danna gaɓa ɗaya, sauran a wuce su da sauri har wasalinsu ya narke. Bugu da ƙari, a tsakiyar kalmar Hausa e da o kusan kullum dogaye ne in gaɓar ba ta rufe da baƙi ba, dubi "jemage", "kora", "tebur". To da mai jin Hausa ya ga he, ge, mo a jere, bakinsa sai ya ba kowacce cikakken tsawonta, kalmar ta fito a miƙe kamar sunan magani.

Gyaran ba shi da wuya in an bi shi daki-daki. A fara da gaɓar da ke ɗauke da nauyin ita kaɗai, JE, a gajarce ta kamar e ɗin ƙarshen "gobe", ba kamar "je" na jemage ba. Sannan a ɗora mata "hi" a gaba, a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa: hi-JE. Sai a kawo sauran biyun. Harafin o da ke rubuce a gaɓa ta uku a manta da shi gaba ɗaya, domin sautin da ke wurin shi ne raunanan wasalin nan da ƙamus ke nunawa da e a kife, kuma mafi kusa da shi a Hausa shi ne "ma" na "mace". Idan aka buga tebur sau huɗu, bugu na biyu ne kawai mai ƙarfi. Wanda ya iya furta economy ko democracy ko monopoly daidai ya riga ya sami karin, sai dai ya sauya baƙaƙen.

'Yan uwanta ba su ajiye nauyin a wuri ɗaya da ita ba, nan ma ana tuntuɓe. Siffar, hegemonic, he-ja-MO-nik ce, nauyin ya koma gaɓa ta uku, a bakin Amurkawa kuma wannan "mo" yakan yi kama da "ma" mai tsawo. Ƙa'ida ce mai faɗi: kalmar da ta ƙare da -ic tana jawo nauyin zuwa gaɓar da ke dab da ƙarshen, kamar yadda economy ke zama economic, democracy ke zama democratic. Akwai 'yan kaɗan da suka ƙi bi, irin su Arabic da Catholic da rhetoric. Mai yiwuwa ma daga hegemonic ne wasu suka ɗauko he-je-MO-ni, suka zaci sunan ma haka yake. Shi kuwa hegemon, wato ƙasa ko mai mulkin da ke riƙe da wannan matsayi, HE-ja-mon ne ko HE-gi-mon. Masu shirin jarrabawar WAEC su lura, a takardar furucin Turanci ana rubuta gaɓar da ke da nauyi da manyan baƙaƙe a ce a zaɓi daidai, kuma irin waɗannan kalmomi masu sauya wurin nauyi su ne ke kayar da ɗalibai. A ƙamus, ɗan ƙaramin layin da ke tsaye a sama yana zuwa ne kafin gaɓar mai nauyi, ba bayanta ba. Alamar dʒ ita ce j ɗinmu, amma j tsurarta a rubutun furuci y take nufi.

Rubutun kuma h-e-g-e-m-o-n-y ne, baƙaƙe takwas. Babu d a ciki, kuma ƙarshenta ba money ba ne, duk da cewa takardun jarrabawa sun sha ganin hedgemony da hegemoney. Ba ta da dangantaka da harmony ko homogeneity, kama ce kawai ta ido.

Asalinta Girkanci ne, daga hegemon, jagora, mai shiga gaba a bi shi. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16, da farko don bayanin tarihin Girka. A can biranen kowanne ƙasa ce mai cin gashin kanta, da dokokinta da mayaƙanta, amma in yaƙi ya taso sukan haɗa kai su amince ɗaya ta ja ragama. Bayan yaƙe-yaƙensu da Farisa, wajen shekara ta 478 kafin haihuwar Annabi Isa, birane da tsibirai da yawa sun ƙulla ƙawance a ƙarƙashin Atina, kowa yana ba da jiragen ruwa ko kuɗi, baitulmalin yana tsibirin Delos. Wannan ita ce hegemony a ma'anarta ta farko: kowa da gidansa, amma akwai babba, kuma an yarda da shi. Abin da ya biyo baya ya fi koyar da ma'anar. Tsibirin Naksos ya nemi ficewa, Atina ta yi masa ƙawanya ta dawo da shi dole. A shekara ta 454 aka kwashe baitulmalin daga Delos zuwa Atina. Daga nan masana tarihi suka fi kiran abin daula, domin gudummawa ta zama haraji, yarda ta zama tilas. Tun daga tushe ke nan kalmar tana tsaye a tsakanin jagoranci da danniya, kuma mai ita yakan zame daga wannan zuwa wancan.

Tarihin ƙasar nan yana da misalin da ya fi kusa. Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, da Yakubu na Bauchi, duk daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka karɓi tuta. A ƙarni na 19 Sarkin Gombe shi ke naɗa hakimansa, shi ke da alƙalansa da mayaƙansa, Sakkwato ba ta zaunar da rundunar tsaro a Gombe Abba, hedkwatar masarautar a lokacin, ba. Amma ana kai gaisuwa, ana neman amincewar Sarkin Musulmi a kan naɗin sabon sarki, wasiƙu suna kai-komo, galibi ta hannun Waziri. Nisan da ke tsakanin Sakkwato da kwarin Gongola ya isa ya nuna cewa ba tsoron doki da mashi kaɗai ya riƙe wannan alaƙa ba, akwai addini da mubaya'a da ganin cewa haka ya dace. Idan marubuci yana magana a kan mubaya'ar a matsayin doka, kalmar suzerainty ta fi daidai. Idan kuwa yana nufin yadda Sakkwato ta zama alƙiblar siyasa da ilimi da tsarin sarauta a faɗin yankin, hegemony ce kalmarsa. Tana da iyaka kuma: mutanen duwatsun Tangale da Waja ba su shiga ƙarƙashin masarautar ba, Ningi ta daɗe tana fafatawa da Bauchi. Abin da Turawa suka yi a Bauchi a 1902 da Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasa ransa, sunansa cin ƙasa da yaƙi. Kiran wannan hegemony rage masa nauyi ne.

Ma'anar da malaman jami'a suka fi nema a takardar jarrabawa ta fito ne daga Antonio Gramsci, ɗan kwaminisancin Italiya da aka haifa a 1891. Gwamnatin Mussolini ta kama shi a 1926, ya yi rubuce-rubucensa a kurkuku tsakanin 1929 da 1935, ya mutu a 1937. Zaɓaɓɓun rubutun sun fito da Turanci a 1971, daga nan kalmar ta bazu a sassan nazarin zamantakewa da adabi da aikin jarida. Tambayar da ta dame shi ita ce, me ya sa talakawa, waɗanda su ne mafi yawa, suke goyon bayan tsarin da ba su ne ke cin moriyarsa ba? Amsarsa ita ce masu mulki ba da ɗan sanda da kotu da kurkuku kaɗai suke riƙe jama'a ba. Suna kuma da makaranta da jarida da wurin ibada da ƙungiyoyi, inda ra'ayinsu ke shiga zukata har ya daina kama da ra'ayin wani, ya zama "ai haka duniya take". Ƙarfi yana nan a ajiye don ranar da yarda ta gaza, amma aikin yau da kullum yarda ce ke yin sa. Ɗalibin da ya rubuta cewa hegemony a wajen Gramsci ita ce mulki da bakin bindiga ya juya maganar ne gaba ɗaya, kuma wannan amsa tana fitowa fiye da yadda ake zato. Wanda kuma ya ce yaudara ce zalla shi ma bai cika ba, domin Gramsci ya nuna dole masu rinjayen su sakar wa na ƙasa wani abu na gaske, ko aiki ko kariya ko matsayi, in ba haka ba yardar ba ta ɗorewa.

Wanda ke son ganin abin da idonsa ya shiga kasuwar Gombe da hantsi. Mace daga Billiri ta zo sayen masara, mai awon Batere ne daga wajen Deba, mai ɗaukar kayan Babole ne, ga Bafulatana da ƙwaryar nono a gefe tana jiran canji. Kowannensu yana da harshen da ya tashi da shi a gida, amma "nawa ne mudu", "rage mini", "albarka" duk da Hausa ake yi, kuma babu wanda ya tsaya ya yi shawara kafin ya buɗe baki. Babu dokar da ta ce a yi ciniki da Hausa. A coci-coci da yawa na kudancin jihar da Hausa ake wa'azi da waƙa, Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Kowa yana amfana, ciniki yana tafiya, wa'azi yana isa. Amma akwai farashi: yaran da suka tashi a cikin gari da yawa suna jin harshen iyayensu sama-sama ne, ba su iya mayar da amsa da shi. Masana harshe in sun ce linguistic hegemony, irin wannan suke nufi. Ita Hausar kuma tana ƙarƙashin wani. Sai da sakamako mai kyau a Turanci ake shiga jami'a, wannan ɓangaren doka ne. Ɓangaren yarda shi ne monita da ke rubuta sunayen masu yin Hausa a aji don a hukunta su, da uban da ke jin ɗansa ya yi ilimi ranar da ya fara amsa masa da Turanci. Babu Baturen da ya tsaya a kan monitan nan.

A siyasar duniya kalmar ta fi yawo tare da Amurka. Bayan taron Bretton Woods na 1944 dala ta zama ginshiƙin kuɗin duniya, har yau ɗan kasuwar da zai sayo kaya daga Sin farashin dala yake fara tambaya, alhali ba Amurka za shi ba. Masanin tattalin arziki Charles Kindleberger a 1973 ya yi hujjar cewa karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta yi tsanani ne saboda Birtaniya ta gaza ɗaukar nauyin jagoranci, Amurka kuma ba ta yarda ta ɗauka ba tukuna. Daga irin wannan tunani aka gina ra'ayin cewa tsarin duniya ya fi zama lafiya in akwai babba guda da ke biyan kuɗin tsaron hanya da tsayar da ƙa'ida, ra'ayin da har yanzu ake gardama a kansa. A Afirka ta Yamma akan kira Najeriya regional hegemon, ana kafa hujja da rawar da ta taka wajen kafa ECOWAS a 1975 da dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙungiyar, wato ECOMOG, a Laberiya daga 1990 da kuma Saliyo. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta sa dole a yi taka-tsantsan da wannan laƙabi. Najeriya ba ta rage yawan jama'a ko girman kasuwa ba, abin da ya ragu shi ne yardar maƙwabta, kuma kalmar a kan yardar ta dogara.

Ya kamata a san cewa kalmar tana da ɗaci. Da wuya ka ji ƙasa ta kira nata matsayin hegemony, takan ce leadership, abokan hamayya ne ke cewa hegemony. A sanarwar Shanghai ta 1972 Amurka da Sin sun rubuta cewa babu ɗayansu da zai nemi hegemony a yankin Asiya da Fasifik, ka ga a nan abin gudu ne. A jaridun Najeriya kuma an daɗe ana rubuta Northern hegemony ko Hausa-Fulani hegemony, kuma duk inda aka gan su zargi ne na cewa wani ɓangare ya yi kaka-gida a mulki, ba bayani ne na ba-ruwana ba. Ɗan jaridar da zai kawo irin wannan a rahoto ya jingina ta ga wanda ya faɗa, kada ta fito kamar daga bakinsa.

Wannan ya kawo mu kan fassara, inda babu kalmar Hausa guda da za ta wadatar, kuma neman guda ɗin ne ke ɓata aiki. Mai fassara ya duba wa ke magana da kuma ɓangaren ma'anar da ya danna. In zargi ne, kamar kakakin wata ƙasa yana sukar American hegemony, "babakeren Amurka" ko "kaka-gidan da Amurka ta yi a harkokin duniya" sun ɗauko zafin. In bayanin masana ne marar ɗaukar ɓangare, "jan ragama" ko "zama mai faɗa-a-ji a yankin" sun fi. In ta Gramsci ce, sai an buɗe ta da jimla: rinjayen tunani da al'ada wanda jama'a suka karɓa har suka daina ganinsa a matsayin rinjaye. Wanda ya yi karatun Larabci zai gane ta da "haimana", haka jaridun Larabawa ke fassara ta. "Mulkin mallaka" kuskure ne, don wannan yana nufin an ƙwace ƙasar ana mulkinta kai tsaye. "Mamaya" ma tana kai tunanin mai sauraro ga sojoji sun tsallaka iyaka. "Danniya" takan yi daidai wani lokaci, amma tana share ɓangaren yarda, don haka a yi hattara da ita.

Maƙwabtanta a Turanci kowacce da gurbinta. Dominance ita ce mafi faɗi, fin ƙarfi ko rinjaye kowane iri, har a tsakanin dabbobi da ƙwayoyin gado. Domination ta fi jin ƙamshin tilas. Supremacy fifiko ne na kasancewa a sama da kowa, shi ya sa ake cewa supremacy of the constitution, kuma ba a sa hegemony a wurin. Monopoly ta kasuwa ce, mutum ɗaya ke sayar da taki a gari babu na biyu. Kafin a rubuta hegemony a tambayi kai abu uku: akwai wasu da ke tsaye da ƙafafunsu amma suna bi? Abin ya daɗe? Mai rinjayen yana tsara ƙa'idar da sauran ke wasa a kanta? In amsar ɗaya a'a ce, dominance ta isa. Ƙungiyar ƙwallo da ta ci wasa da huɗu da nema ba ta kafa hegemony ba. Bayern Munich da ta ɗauki kofin Bundesliga sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, marubutan wasanni sun kira nata haka, kuma ko shi aron kalmar ne.

A nahawu suna ce da galibi ba a ƙirga ta, don haka ana cewa "to establish hegemony", ba a sa a ko an a gabanta sai in an siffanta wata iri ta musamman. Jam'inta hegemonies yana nan amma ba a cika buƙatarsa ba. Wanda aka rinjaya yana zuwa bayan over: "Athens established hegemony over its allies". Wurin yana zuwa bayan in: "hegemony in West Africa". Mai rinjayen yana zuwa bayan of, ko a gabanta a matsayin siffa: "the hegemony of the dollar", "British hegemony". Hegemony on kuskure ne, ya samo asali daga fassara "a kan" kai tsaye. Ba aikatau ba ce, ba a cewa "they hegemony us", a nan dominate ake so. Ba a kuma cewa ƙasa "is a hegemony" in ana nufin ita ce babbar, sai dai "is a hegemon" ko "is a hegemonic power", da a ba an ba, tunda ana furta h ɗin. Aikatan da suka saba tafiya da ita su ne establish, maintain, assert, challenge da resist. Wurinta kuma rubutun ilimi ne da sharhi da muhawara. A wasiƙar ofis da ake ƙorafin wani shugaban sashe ya tattare komai a hannunsa, control ko dominance za su isar da saƙon, mai karantawa kuma ba sai ya nemi ƙamus ba.